CARBIN MABIYA BUDA: TSAKANIN IBADA DA KASUWA

A gabas da Katmandu, babban birnin ƙasar Nepal, akwai wani yanki mai tuddai da ake kira Timal. Mazauna wurin, galibinsu ƴan ƙabilar Tamang, manoman masara ne da gero. A gefen gonakinsu akwai wani icce, ɗan'uwan magarya da kurna, wanda suke kira "bodicita". Ƙwallon ɗansa ake hudawa a yi carbi da shi. Wannan ƙwallo da kakanninsu suka ɗauka kayan ibada, shi ne ya zama dukiyar da ake kwana ana gadinta.

Ƙwaya 108

Addinin Buda ya samo asali daga Sidarta Gotama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, wajen shekara 2500 da suka shige. Mabiyansa da yawa suna riƙe carbi, kamar yadda Musulmi suke da tasbaha mai ƙwaya 99 ko 33. A Indiya sunansa "mala", a Japon kuwa "juzu". Cikakkensa ƙwaya 108 gare shi.

Wani tsohon littafinsu, wanda aka juya cikin Sinanci wajen ƙarni na 4 ko na 5, ya kawo labarin wani sarki da annoba da yaƙi suka dami ƙasarsa, har hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya aika wurin Buda neman shawara. Sai aka umurce shi da ya shirya ƙwaya 108 a zare, ya riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya, yana ambaton Buda da koyarwarsa da jama'arsa, ko yana zaune ko yana tafe.

Malamansu suna bayyana adadin da lissafi. Ƙofofin da abu yake shiga zuciyar mutum shida ne: ido, kunne, hanci, harshe, jiki da tunani. Abin da ya shigo, ko mai daɗi ne, ko maras daɗi, ko tsaka-tsaki: 18 ke nan. Kowane ɗaya, ko da tsarki ko da dauɗa: 36. A ninka da lokaci uku, watau jiya da yau da gobe, a sami 108. Waɗannan su ne damuwoyin da suke cewa suna ɗaure ɗan Adam. Saboda haka ne a Japon, daren ƙarshen shekara, ake buga ƙararrawar ɗakunan ibada sau 108.

Yadda ake jan sa

A ƙasar Tibet, yawanci da hannun hagu ake riƙe shi. Babban yatsa yana jawo ƙwaya guda ga kowane ambato. Akwai wata babbar ƙwaya a wurin ƙulli, wadda suke kira ƙwayar malami. Ba a ƙetare ta: in an iso gare ta, sai a juya carbin a komo baya. Zagaye ɗaya ɗari ake lissafa shi, takwas ɗin da suka rage suna cike gurbin kuskure. Ana kuma rataya wasu ƴan igiyoyi biyu, kowace da ƙananan zobba goma, ɗaya ta ƙirga ɗaruruwa, ɗaya ta ƙirga dubbai, domin akwai addu'o'in da almajiri zai maimaita sau 100.000 kafin ya ci gaba da karatu.

Aikin carbin dai a bayyane yake. Hannu ya ɗauke wa kai nauyin ƙirga, hankali kuwa ya tsaya wuri ɗaya. In tunani ya yi yawo, ƙwayar da ke tsakanin yatsu ta komo da shi.

Daga ibada zuwa ado

Shigar carbi cikin kayan ado ba sabon abu ba ne. A ƙasar Sin, zamanin daular Cing, wadda ta hau mulki a 1644 ta faɗi a 1912, sarki da manyan ma'aikatan fada suna rataya sarƙa mai ƙwaya 108 bisa rigar sarauta. Da irin dutsen da aka yi ta da shi ake gane matsayin mai ita. A zamanin nan kuma an sami ƙananan carbi na wuyan hannu, masu ƙwaya 18, 21 ko 27, ana sayar da su har a Turai da Amurka. Masu tallansu sukan ce wannan dutse yana kawo arziki, wancan yana korar cuta. Ilimin likita bai tabbatar da ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba.

Abin da aka auna kuwa wani abu ne dabam. A shekara ta 2001, likita Luciano Bernardi na jami'ar Pabiya, a ƙasar Italiya, da abokan aikinsa sun gwada mutum 23 masu lafiya. Suka ga cewa maimaita addu'ar Katolika ko ta mabiya Buda a hankali yana rage numfashi zuwa wajen sau 6 cikin minti ɗaya, alhali baligi yakan yi 12 zuwa 20. Da numfashi ya lafa haka, sai zuciya da jijiyoyin jini su ƙara daidaita aikinsu. Amfanin yana ga maimaitawa da natsuwa. Carbin icce mai araha yana yin aikin da na dutse mai tsada yake yi.

Abin da ya sami Timal

Iccen da Buda ya zauna ƙarƙashinsa a Bod Gaya, cikin Indiya, dangin ɓaure ne, ƙwayarsa kuwa ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ta yin carbi. Don haka wasu itatuwa suka ɗauki sunan, na Timal kuwa ya fi su daraja a idon ƴan Tibet. Mutanen yankin suna cewa babban malami Padmasambaba, wanda ya kai addinin Tibet a ƙarni na 8, shi ya bar musu shi. Masana tsire-tsire na Nepal ba su ba shi sunansa na kimiyya ba sai a 2015.

Bayan shekara ta 2010, masu saye daga ƙasar Sin suka yi masa caa. Da milimita ake auna ƙwallon, mafi ƙanƙanta kuwa shi ya fi tsada. Ƴan kasuwa suka riƙa biyan kuɗin amfanin icce tun ƴaƴan ba su nuna ba. Iyalai da dama suka gina gidaje, suka sa yara makaranta a birni. Amma abin da ya yi daɗi, ƙuda ba ya barinsa. Sata ta yawaita, manoma suka kewaye itatuwa da waya, suka kafa na'urorin ɗaukar hoto, wasu suna kwana a gindinsu. A 2024 ma wasu mutane sun zo da dare suka sare wani babban icce da ya yi suna a yankin. Farashi kuma yana hawa yana sauka gwargwadon sha'awar baƙi, manomi ba shi da ta cewa.

A jerin damuwoyin da carbin yake ƙirgawa, malaman addinin sun sa kwaɗayi a sahun gaba. Tsofaffin Timal, waɗanda suke jan nasu carbi har ƙwayarsa ta yi baƙi ta yi sulɓi don daɗewa a hannu, sun san da wannan tun kafin ɗan kasuwa na farko ya hau tudunsu.