Ɗan Allon da ke Ba Moto Umarni

Keken surfani na kwamfuta da ke shagon tela, da injin sassaƙa katako ko ƙarfe mai bin zane, dukkansu da moto iri biyu suke aiki. Moton sitefa taku-taku yake juyawa, kuma wanda aka fi samu yana cika zagaye ɗaya da taku 200, kowane taku digiri 1.8. Moton sarbo kuwa yana ɗauke da na'urar da ke ba da rahoton inda ya kai a kowane lokaci. Sai dai kyan aikin ya fi rataya a kan wani ɗan allon lantarki da bai wuce tafin hannu ba. Shi ke ƙirga bugun wutar da za a aika, ya tsara yadda moto zai tashi sannu a hankali, ya kai cikakken gudu, ya sassauta kafin tsayawa. Idan aka ce sitefa ya zabura farat ɗaya, ƙugi kawai zai yi a wuri guda.

Ƙanƙancewar wannan allo da arharsa ne suka fito da irin waɗannan injuna daga manyan masana'antu. A 2005 aka ƙirƙiro allon Arduino a Italiya, a shekarar kuma Adrian Bowyer ya fara shirin RepRap na haɗa injin ƙera abubuwa mai arha a Jami'ar Bath ta Ingila. Daga baya manhajar GRBL, wadda kyauta ce, ta ba allon Arduino Uno damar tuƙa moto uku tare. Ɗan guntun A4988 da ke tuƙa sitefa yana iya raba kowane taku gida 16, zagaye ya zama ƙananan taku 3,200, ko da yake santsin tafiya wannan ya fi ƙarawa, ba daidaito ba.

Injiniyoyi na da ƙorafi mai tushe: idan nauyi ya fi ƙarfin sitefa sai ya tsallake taku, allon bai sani ba, ya ci gaba da lissafi a kan kuskure har aikin ya lalace. Haka ne. Amma mafi yawan tsallaken daga zaɓen ƙaramin moto yake zuwa, ko daga saita gudu fiye da kima, kuma yanzu akwai sitefa mai na'urar rahoto irin ta sarbo. Inda ake buƙatar gudu sosai da nauyi mai sauyawa, a biya kuɗin sarbo. Ga ƙaramin shago kuwa, sitefa da allon da aka saita da kyau sun wadatar.