Dalmar Maharbi da Tukunyar Tuwo

Duk wanda ya taɓa zuwa Kagoro, kusa da Kafanchan, ran 1 ga Janairu, ya ga maharba sun yi jerin gwano a bikin Afan. Farauta gado ce a ƙasar nan. Amma akwai aikin da ba a gani a filin biki, watau zubin harsashi.

Mai bindigar toka ba ya sayen harsashi a kanti. Wasu kan narka dalma a gida, har a murhun da uwargida ke tuƙa tuwo, don zafin digiri 327 ya ishe ta narkewa. To, nan masifar take. Ƙurar dalma guba ce marar wari. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta jawo jijjiga ko daƙiƙanci.

Ba a manta da 2010 ba, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da aka riƙa niƙawa a tsakar gida.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan, in kun je ganin gida ku roƙi dattawa kada dalma ta kusanci murhu ko yara. In an ba ku tsarabar naman daji, ku yanke inda harsashi ya shiga ku yar. Rigakafi ya fi magani.