Na'ura a cikin aji: abin da ya kamata uwaye su tambaya

Wata rana ɗanku zai iya dawowa daga lakwal ya ce an kawo masu kwamfuta, ko kuwa ku ji a wurin taron uwayen yara cewa wata ƙungiya tana so ta sa na'urori a makarantar garinku. Wannan labari ne mai daɗi. Amma kafin ku tafa hannu, yana da kyau ku san abin da ya faru a wuraren da suka riga ku gwadawa. Ba sai an je nesa ba, domin ƙasarmu tana cikin na farko a Afirka.

Telbijin ta shiga aji tun 1964

A shekarar 1964, da taimakon Faransa, Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta hanyar telbijin. Ana shirya darasi a Yamai, ana watsa shi, yara suna kallo a cikin aji. Wanda ke tare da su ba cikakken malami ba ne: mataimaki ne mai ƙaramin ilimi, wanda aka yi wa gajeren horo. Idan an kashe akwatin, shi ke sa yara su maimaita, su yi wasan kwaikwayo, su rubuta a allo. Ajujuwan farko ba su da yawa, kuma a Yamai da kewayenta suke. Da yake ƙauyuka ba su da wutar lantarki, a 1968 aka fara gwada kunna akwatin da farantin da ke tara hasken rana, irin wanda yau kuke kira pano.

Yaran sun iya magana da Faransanci sosai, baƙi kuma sun yi ta zuwa ganin abin mamaki. Duk da haka shirin bai ɗore ba. Yana cin kuɗi masu yawa, ya dogara ga ƙwararru da kayan gyara daga waje, kuma yaran da ya kai gare su kaɗan ne cikin yaran ƙasa. A ƙarshen shekarun 1970 aka daina, aikin telbijin ya koma na kowa da kowa, wato Télé Sahel.

Wata ƙasa mai nisa, Peru, a Amurka ta Kudu, ta bi wata hanyar. Ta raba wa yaran karkara ƙananan kwamfutoci, kowane yaro da tasa. Binciken da aka fitar a 2012, a kan makarantu 319, ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma karatunsu da lissafinsu ba su fi na waɗanda ba a ba su ba. Na'urar ta zo, yadda ake koyarwa kuwa bai canja ba.

Abin da ya yi amfani a jihar Damagaram

A 2009 da 2010, ƙungiyar CRS ta gudanar da ajujuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram. A wasu ajujuwan an ƙara abu ɗaya: an koya wa manya, maza da mata kamar ku, yin amfani da ƙaramar salula mai maɓallai. Suna neman baƙi da lamba, suna rubuta saƙo da harshensu. Da aka yi jarrabawa, sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bayan an rufe aji fifikon da suka samu a lissafi bai ɓace nan da nan ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malami yana nan, darasi yana nan, wayar kuwa ta ba mutum dalilin rubutu kowace rana: gaida ɗan'uwa da ke ci-rani, ko tambayar kuɗin hatsi a kasuwa.

Tambayoyin da suka dace da Gure

Ku kun fi kowa sanin ƙasarku. Kun san iska da rairayi, da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, da zafin bazara. Kun san akwai ajin da har yanzu rumfar zana ce, ba ƙofa ba makulli. Saboda haka idan an zo da maganar na'ura a taron kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, ku tambaya da ladabi: da wace wuta za ta yi aiki? Idan batir ya mutu bayan ƴan shekaru, wa zai sayi sabo? Idan ta lalace, akwai mai gyara a Gure, ko sai an kai ta Damagaram? Ina za ta kwana?

Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce ta malami da harshe. An horar da malamin, ko kuwa an miƙa masa kwali ne aka tafi? Yaro ɗan aji ɗaya da ya tashi da Barbarci, ko Hausa, ko Fulatanci, ko Tubanci, idan na'ura ta yi masa magana da Faransanci zalla, zai yi kallo ne kawai. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, don haka neman darasi da harshen gida ba baƙon abu ba ne. Kuma idan aji ba ya da alli da littafi, ku faɗa a fili cewa su kuke so a fara kawowa.

A gida kuma ba sai kun jira kowa ba. Da dare, ku ba yaro wayarku na ɗan lokaci kuna zaune kusa da shi. Ya nemo baƙaƙen sunansa, ya karanta maku saƙon da aka aiko, ku kuma ku rubuta amsa yana dubawa. Ya yi lissafi a allo tukuna, sa'an nan ya gwada a waya ya ga ko ya yi daidai. Idan kun gama, ku karɓi wayar ku ajiye.