Wane Bututun Ƙarfe Ya Dace da Ruwanku?



A ƙauyuka da dama, matan da suka yi sammako zuwa famfon tuƙa-tuƙa sukan tarar da ruwan farko ja wur, yana ƙarnin tsatsa, ya ɓata farin kaya, ya sauya launin tuwo. Sau da yawa rijiyar lafiyarta lau. Bututun da aka zura mata ne yake ruɓewa.

Bututun da masu aikin famfo ke kira GI ƙarfe ne da aka yi wa rufin tutiya. Yana da araha, kuma kowace kasuwa akwai shi, shi ya sa 'yan kwangila ke son sa. Amma idan ruwan ƙasa yana da tsami, wato ma'aunin pH ya gaza 6.5, sai ya cinye tutiyar, ya dira kan ƙarfen. Famfon India Mark II, wanda ya cika karkarar Afirka, da irin wannan bututu aka saba haɗa shi, kuma a ruwa mai tsami yakan huje cikin 'yan shekaru. Abin takaicin shi ne, da zarar ruwa ya yi ja, sai mutane su koma rafi da kududdufi. A shekarar 2016 sai da gwamnatin Yuganda ta dakatar da zura GI a rijiyoyinta. Magani a irin wannan wuri shi ne ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 ko 316, ko kuma bututun roba mai kauri.

Jan ƙarfe yana da ƙarko a cikin gida, sai dai tsada, ga ɓarayi. Manyan layukan birni kuwa zubabben ƙarfe ake binnewa, a shafe cikinsa da siminti.

Dalma ce babu sassauci a kanta. A Afrilun 2014 birnin Flint na Amurka ya koma jan ruwa daga kogi ba tare da zuba maganin hana zaizayar bututu ba. Ruwan ya kankare tsofaffin bututun dalma, gubar dalmar ta shiga jinin yara, alhali tun 1986 ƙasar ta haramta sa sababbi.

Don haka kafin kwamitin unguwa ya biya kuɗin fayif, ya nemi mai haƙa rijiyar ya auna tsamin ruwan, ya kuma rubuta nau'in bututun da lambarsa a takardar kwangila.