Turaren Fata da Taba: Me Ke Cikin Kwalbar?

Babu fata a cikin turaren fata. Ba a tatsar mai daga jemammiyar fata yadda ake tatsarsa daga fure ko itacen sandal. Abin da hanci ke ɗauka ƙamshin fata ne, galibi ƙamshin kayan jima ne da man da aka shafa mata. Duk wanda ya taɓa ratsa majema a Kano ya san ɗanyar fata ba abin shaƙa ba ce, sai ta sha bagaruwa da mai take zama abin da dukawa za su ɗinka.

Wannan warin ne ma ya haifi sana'ar turaren fata. A garin Grasse na kudancin Faransa, majema ne suka cika gari, kuma masu kuɗi ba sa son safar hannu mai ɗoyi. Sai masu ɗinka ta suka shiga jiƙa ta da man furanni. A hankali turaren ya fi safar kasuwa, garin ya koma cibiyar turare.

Ƙamshin da aka fi sani da na fata daga Rasha ya zo. A can ana shafa wa fatar takalman sojoji wata baƙar kwalta da ake samu idan an gasa ɓawon itacen birch, don kada ruwa ya shige ta. Tana ƙaurin hayaƙi, kamar itacen da wuta ta ci rabinsa. Wannan kwaltar ce Ernest Beaux, mai haɗa turare, ya sa a turaren Cuir de Russie na gidan Chanel a shekarun 1920. Yanzu an taƙaita amfani da ita saboda lafiyar jiki, don haka sinadaran da aka haɗa a ɗakin bincike ke ɗaukar yawancin nauyin. Tun 1944 Germaine Cellier ta nuna hanya, da ta zuba irin wannan sinadari mai ɗaci a turaren Bandit ba tare da tsoro ba.

Ita kuwa taba, ba hayaƙin sigari ake nufi ba. Busasshen ganye ake nufi, mai zaƙi-zaƙi tsakanin zuma da ingirici. Gidan Caron ya fitar da Tabac Blond a 1919, lokacin da matan Paris suka fara shan taba a bainar jama'a, Tom Ford kuma ya farfaɗo da salon da Tobacco Vanille a 2007.

Ƙananan gidajen turare ne suka fi riƙe wannan haɗi na fata da taba, domin ba kowa yake burgewa ba, kuma su ba kasuwar kowa da kowa suke nema ba. A ganina, hancin da ya saba da turaren wuta da oud ba zai ji shi baƙo ba. Sai dai zafin bazara yana tsananta shi har ya hau kai. Da hunturu ya fi daɗi, fesawa ɗaya ko biyu ta isa, kuma kada a yanke masa hukunci a kan takardar gwaji ta shago: a jiki, sai ƙaurin farko ya lafa zaƙin tabar yake fitowa.