Kebur da wifi a kwamfuta guda: yadda ake raba musu hanya

Gaya gari ne na mahaɗa: ga gadar da ta ƙetare kogi zuwa Malanville ta Benin, ga hanyar Kamba ta jihar Kebbi, ga titin da ya miƙe zuwa Dosso. Ta Gaya ne kuma zaren fiba da ke haɗa Nijar da keburan teku na Kwatano ya bi. Amma a ofisoshin masu fiton kaya da shagunan buga takardu, ana yawan jin ƙorafi guda: da an soka kebur ɗin ofis a kwamfuta, intanet ɗin wifi ya ɗauke, a zare shi, firinta ta ɓace. Nan da nan sai a ce rezo ne. Sau da yawa Airtel ko Moov ko Zamani ba su da hannu a ciki.

Kowace kwamfuta tana da jadawalin hanyoyi, wanda take dubawa kafin ta tura kowane ƙunshin bayani. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha: wannan na Kamba, wancan na Dosso, duk wanda ba a san garinsa ba a nuna masa babbar ƙofa. A jadawalin, babbar ƙofar ita ce layin da ya fara da 0.0.0.0. Layin da ya fi fayyace adireshi shi ke rinjaye. Idan biyu suka yi kunnen doki, mai ƙaramar lambar fifiko ya wuce.

To, nan rigimar take. Kebur ya zo da tasa babbar ƙofa, wifi ma ya zo da tasa. Windows kan fifita kebur saboda saurinsa, sai duk saƙon WhatsApp da imel ya nufi sadarwar ofis, wadda wataƙila ba ta da mafita waje ko kaɗan.

Maganin ba ya cin ko dala. Umarnin route print zai baje jadawalin a Windows, ip route kuma a Linux. Sai a shiga saitin kebur a goge adireshin babbar ƙofa, a bar ta wifi kaɗai. Firintar da ke rukunin adireshi ɗaya da kwamfutar ba ta buƙatar ƙofa. Idan kuwa sabar ofis tana wani rukuni, mai izinin gudanarwa ya ƙara mata layinta: route -p add 10.0.0.0 mask 255.0.0.0 192.168.1.1. Wannan -p ɗin ne ke sa layin ya tsira bayan an kashe na'ura, abin da ba a raina shi a garin da wuta ke zuwa tana tafiya.

Saura tarko ɗaya. Tun 1994 aka keɓe adiresoshin da ke farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168 don amfanin cikin gida, kuma na'urori da yawa da 192.168.1 suke fitowa daga kamfani. Idan kebur da wifi suka yi karo a kansa, dole a sauya wa ɗaya lamba.

Ranar 14 ga Maris 2024 keburan teku huɗu, har da SAT-3 da MainOne, suka lalace, intanet ya tsuke a yammacin Afirka. Ofishin da ya raba hanyoyinsa daidai, ko a irin wannan rana firintarsa da sabarsa za su ci gaba da aiki.