Lasisi Na Maigida, Makulli A Hannun Yara: Batun Binciken Ma'aikatan Kantunan Magani

A watan Mayu na 2018, Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda waɗansu ma'aikatan kamfanonin magunguna suke sayar da shi ta bayan fage. Kwanaki kaɗan bayan haka, Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na wani ɗan lokaci. Darasin da ke nan ga 'yan kasuwa shi ne, laifin ma'aikaci guda yana iya jawo wa kamfani kulle da hasarar suna.

Kasuwar da ke ruɗin irin waɗannan ma'aikata ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ta nuna 'yan Nijeriya kusan miliyan 4.6 ne suke shan magunguna irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba, wasu miliyan 2.4 kuma suna shan maganin tari don maye.

Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke yi wa masana magani rajista, tana kuma ba kantuna lasisi. Amma yaron kanti da mai tsaron sito da direban rarraba kaya, maigida ne ke ɗaukarsu, sau da yawa bisa sanayya ko zumunci kawai. Su ne kuwa ke riƙe da makulli.

Hanyar bincike tana nan. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya tana ba da takardar shaidar hali bayan ta ɗauki zanen yatsun mai nema, ta duba kundin masu laifi da ke Alagbon a Legas. Ya kamata maigida ya nemi wannan takarda kafin ɗaukar ma'aikaci, tare da amincewarsa, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su.

Sai dai takardar ba ta isa ita kaɗai ba, domin abin da ya shiga kundi kawai take nunawa. Wanda aka kora daga wani kanti aka rufa masa asiri, takardarsa fes za ta fito. Saboda haka wajibi ne a tuntuɓi tsohon maigidansa, a sami mai tsaya masa, a kuma riƙa ƙirga magunguna masu sa maye ana gwadawa da littafin ciniki.

Haka kuma, ba kowane tsohon laifi ne ya kamata ya hana mutum aiki ba. Abin dubawa shi ne laifin da ya shafi ƙwaya, sata ko jabun takardu. Kuɗin wannan bincike bai kai hasarar yini guda da kanti a kulle ba.